Zuwa ga ɗana mai bautar ƙasa a Gombe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Yayarka ta nuna mini hotunan ƙwarin da kake ɗauka da waya, ta ce har da dare kake fita. Ummanka na ganin aikin banza ne. Ni ban ga laifin kallon halittar Allah ba, amma a yi shi da ƙa'ida.

Malam-buɗe-littafi da mazari da sassafe ake samunsu, kafin rana ta ɗumama musu jiki su yi kuzarin tashi. Ka matso a hankali, kada inuwarka ta faɗa musu. Kada ka riƙe malam-buɗe-littafi a fiffike, garin da ke manne maka a yatsa shi ne launinsa, kuma ba ya sake fitowa. Zanzaro ka bar shi ya gama gininsa: ɗaki-ɗaki yake yi da laka, ya harbi tsutsa ko gizo ya sumar, ya cusa ciki, ya yi ƙwai ya liƙe. Guzurin ɗansa ne, ba ɗan wani ya sato zai raina ba kamar yadda ake faɗa. Shinge kuwa ba sai ka je daji ba. Daren ruwa mai ƙarfi na farkon damina, ka kunna fitila a tsakar gida, za su zo da kansu. Dubi waɗanda suka zubar da fiffike suna tafiya biyu-biyu, mace a gaba namiji na binta, wurin kafa sabon suri suke nema.

To surin nan ne ya hana ni barci. A hoto ɗaya na ga hannunka a bakin ramin tsohon suri, ƙafarka da silifas. Haba! Da iliminka? Surin da gara ta bari ɗakin maciji ne, kuma ƙasar da kake ta kububuwa ce. Ba a banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Gajeriya ce, da ƙyar ta wuce kamu ɗaya, launinta na ƙasa, da dare take yawo, daidai lokacin da idonka ke kan fitilar waya. In ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, jikinta take gogawa, ja da baya. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga ɗan kumburi kawai ya ce da sauƙi, kashegari dasashi ya fara zubar da jini. Ka san yadda ta kasance da Kawunka, ba sai na maimaita ba. Ka ce na cika tsoro, na yarda, ni na haife ka.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. Cire zobe da agogo, kada ka yi gudu, a ɗauke ka zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafi ba tare da an tsaya wajen mai magani ba.

Na ba direba takalmin ruwa dogo da tocila mai ƙarfi ya kawo maka. Ka zazzage takalmin kullum kafin ka sa, saboda kunama. Rami da sanda ake taɓa shi. Ka turo mini hoton buzuzu yana tura dunƙulensa da ƙafafun baya, kai tsaye, ba ta hannun Yayarka ba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka