Zuwa ga ɗana, kafin ka buɗe shago na huɗu

Assalamu alaikum. Innarka na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Kawunka ya dawo daga Illela, ya ce ka karyar da albasar da ka ajiye tun ba ta yi daraja ba, wai za ka zuba kuɗin a POS. Bara fata ce, bara waccan wayoyi. Asara ba ta ba ni tsoro, duk ɗan kasuwa ya sha ta.

Idonka ne ke hana ni barci. Ranar Sallah kana gabana, tuwo na hucewa, kai kuwa kana leƙen waya kana jiran alat. Na san wannan idon, a fuskar 'yan caca na bayan tasha na saba ganinsa, waɗanda ko sun ci ba sa iya tashi. Kai ma riba ta daina ƙosar da kai, ɗokin fara sabo ne ke janka. An ce Asuba sai hantsi kake yin ta, an kuma ce ka ci bashin waya mai ruwa. In haka ne, wallahi ka ba ni kunya. Alhakumut takasuru da ka haddace a makarantar allo, da wa kake tsammani take magana?

Za ka ce ni ma ban zauna gida ba. Gaskiya ne, amma bakinku tara nake ciyarwa, kuma shekara 11 na yi ina yaron shago kafin ubangidana ya sallame ni da jari da albarka. Da Babbar Kasuwa ta ƙone a 2021, da idona na ga dattawa sun tsaya kan toka suna Inna lillahi, da aka kira Azahar suka nufi masallaci. Irinsu nake so ka zauna kusa da su. Kai kuwa ka bar naka ubangidan ko sallama babu, don ya ce ka dakata shekara guda. Yanzu wa ya rage da zai ce maka bari ka ji?

Ban hana ka nema ba, ɗana. Shehu Ɗan Fodiyo da kansa igiya yake tufkawa. Kana da kai, ka fi ni ma.

Ka zo Juma'a, mu yi salla a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, daga nan in raka ka wurin Alhaji ubangidanka, ni zan fara ba shi haƙuri. Ka taho da lissafin bashin duka, kada ka ɓoye ko naira ɗaya. Innarka ta ce za ta dama maka fura.

Mahaifinka,
Sakkwato