Masu jiki, a bar sayen ƙaramin kwale-kwale saboda araha

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu jiki irina da ke hulɗa da ruwa a nan Zariya da kewaye, masunta ne ko manoman fadama masu tsallaka kogin Galma zuwa gona, ko samarin da na ga sun fara sha'awar tuƙi a dam don motsa jiki. Maganar a kan sayen kwale-kwale na mutum ɗaya ce, don abin da nake gani yana damuna wallahi, mutum ƙato mai kilo 100 ko 120 zai je wajen mai sassaƙa ko kafinta ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne sauƙin kuɗi, a ɗauko masa ɗan siriri wanda aka yi don yaro mai jefa ƙugiya, ya biya yana murna wai ya yi ciniki.

Shi ruwa ba ruwansa da cinikinka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi ba zai tsaya a kan ruwa ba sai ya ture ruwa daidai nauyinsa da nauyin duk abin da ke cikinsa. To ka lissafa, kai kilo 110, jirgin katako da ya sha ruwa a ce 60, ga birgi da taru jiƙaƙƙu da ɗan kifin da Allah ya ba ka a ce 30, ka ga an kai 200 kenan, wato ruwa mai cika duro guda sai jirgin ya ture. In gajere ne kuma matsattse, ina zai sami wurin? Dole ya nitse ƙasa, sai ka ga bakin jirgin saura yatsa uku ya taɓa ruwa, iska kaɗan ta kaɗa ko ka sunkuya jan taru ruwa ya fara shigowa ta gefe.

Shi ya sa abin da zaka fara dubawa ba fenti ba ne ba kuma farashi ba, tazarar da ta rage ce tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan ka shiga da kayanka duka. Kada ta gaza inci 6, in son samu ne ma ta kusa taƙi guda. Kuma wannan ba a gane shi a tudu. Ka ce da mai sayarwa a kai bakin ruwa, ka shiga inda bai wuce gwiwa ba, a ɗora maka buhun taki mai kilo 50 ko jarka biyu cike da ruwa a madadin kaya, ka zauna, ka ɗan karkata dama ka karkata hagu, ka yi tuƙi kaɗan ka juyo. Duk wanda ya ce sai ka biya tukun kafin a gwada, yi masa sallama ka wuce.

Ga mai jiki, ni abin da na yarda da shi tsawo ƙafa 14 zuwa 16, faɗi a tsakiya kamar inci 32 zuwa 36. Mutane sun ɗauka faɗi shi ne komai amma ba haka ba ne, in ya yi faɗi fiye da ƙima filafili ba ya isa ruwa sai ka miƙa jiki waje, kafaɗa ta gaji, kuma wannan miƙewar ita ke kifar da mutum. Tsawo shi ke raba nauyi, ya sa jirgi tafiya miƙe ba ya ta wulgawa. Sannan ƙasan jirgin, mai shafaffen ƙasa yana ba ka natsuwa a ruwa kwantacce irin na dam ɗin Kubanni a Samaru, shi ya sa masu tsayawa su jefa birgi suka fi son shi, amma in igiyar ruwa ta buge shi ta gefe lokaci guda yake kifewa ba gargaɗi. Mai ɗan lanƙwasa a ƙasa yana tangal-tangal da farko har ka tsorata, amma in ya karkata yana riƙewa ya dawo, kuma shi ya fi dacewa da Galma in ta kawo a watan Agusta.

Sai wurin zama, wanda kusan kowa ke rainawa. Mu masu jiki nauyinmu a sama yake, ƙirji da kafaɗa, to in katakon zama yana can sama dab da bakin jirgi ko da jirgin mai kyau ne zai riƙa rawa. Ka sa kafinta ya sauke shi ƙasa da inci 2 ko 3, ya sa katako mai kauri da faɗi, ya kuma tokare shi ta ƙasa kada ƙusa biyu kawai su ɗauki mutum. In ruwa ya rikice ka durƙusa kan gwiwa, ka buɗe ƙafa. Kuma kada ka zauna can ƙarshen baya goshi ya ɗaga sama iska ta riƙa juya ka yadda take so, matso kusa da tsakiya, ko ka ajiye jarka mai lita 25 cike da ruwa a gaba ta danne goshin.

Maganar kuɗi kuwa, na san halin da ake ciki, katako ya yi tsada, maɗaci da ƙawo masu kauri da ake sassaƙa jirgi ɗungurungum sun yi wuya, yawanci yanzu na falankai ake haɗawa da ƙusa a toshe da auduga da kwalta. Hanya mafi sauƙi ga ƙato ita ce ya nemi jirgin mutum biyu na hannu mai lafiya ya mayar da shi nasa shi kaɗai, ya fi sabon ƙarami nesa ba kusa ba. Amma a duba da kyau, a kifa shi, a bi ƙasan da tsinin wuƙa, inda ya lume to ya ruɓe, a duba wajen ƙusoshi ko sun yi tsatsa sun buɗe, kuma inda aka lafta kwalta da yawa a tambayi me aka rufe. Jirgin faiba kuwa ya fi sauƙin ɗauka, ba ya ruɓewa, in ya tsage ana like shi, sai dai ya fi tsada kuma iska ta fi wasa da shi. Masu hali da ke samo na roba ko na alminiyam daga waje, kada lambar nauyin da aka rubuta a jiki ta ruɗe ku, iyakar ƙarshe ce, ku tsaya wajen kashi biyu cikin uku nata.

Kuma rigar kariya, wato wadda ke hana mutum nitsewa a ruwa, tana cikin kuɗin jirgi, ba ƙari ba ce. Har yanzu ba mu manta da haɗarin jirgin ruwan Bagwai a Kano ba a 2021, yara 'yan Islamiyya a dam ɗin Watari, da na Warra a Kebbi a shekarar dai, kuma kullum in aka bincika sai ka ji an ambaci lodi fiye da ƙima da rashin riga. To mutum ɗaya ma yana iya zama lodi fiye da ƙima in jirgin bai kai shi ba. Matsalarmu kuma rigunan da ake rabawa yawanci ba sa rufe mana ƙirji, zif ba ya haɗuwa, mutum ya rataya ta haka a buɗe, in ya faɗa ruwa ta zame ta kai. A nemi babba wadda igiyoyinta ke zagayowa su ɗauru tam, a gwada ta a jiki kafin a biya.

Ina roƙon hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da sarakunan ruwa na yankinmu in za a raba riguna a sa manyan sayis a ciki, su kuma masu haɗa jirgi dan Allah ku riƙa tambayar mai saye nauyinsa da irin kayan da zai ɗauka kafin ku yanka katako. Malam Edita, in da hali a turo wakilinku bakin Galma da damina ya ga yadda ake tsallakawa da idonsa.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Dakace, Zariya