Godiya ga Masu Shagon Gyaran Kwamfuta na Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum, Malam Injiniya da yaran shagonka.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku da baki rannan ba ta ishe ni ba.

Da kwamfutar tafi-da-gidanka nake neman abinci, ina buga wa ɗalibai takardu ina tsara katin biki. Na saye ta a kan tana da RAM (rumbun da take riƙe aikin da ake ciki) giga 8, amma duk lokacin da na duba sai Windows ta nuna mini 5.9 kaɗai ke aiki. Da na buɗe manhajar zane ta CorelDRAW tare da shafukan intanet biyar ko shida sai ta fara jan ƙafa. Wata uku ina zargin an cuce ni wajen saye, har wani mai gyara ya ce sai an canja allon cikinta gaba ɗaya.

Kai kuwa, Malam, ko sukurudireba ba ka ɗauka ba. Ka kashe ta, ka kunna kana danna F2 har shafin BIOS, inda ake saita kayan cikinta, ya fito, sannan ka juyo da fuskarta wajena ka nuna mini layin da aka rubuta UMA a kansa, wato layin rabon RAM na sashen hoto. Ka ce injin da ke cikinta, AMD Ryzen, sashen zana hotonsa a jikinsa yake, ba shi da rumbun kansa, don haka daga RAM yake yankar rabonsa tun kafin Windows ta tashi. Giga 2 cif aka ware masa, ko yana aiki ko yana zaune. Misalin da ka ba ni har yau yana kaina: kamar a ɗebe wa baƙo tuwon mutum huɗu a rufe, alhali yaran gida ba su ƙoshi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sai da ka tambaye ni irin aikina kafin ka taɓa komai. Da ka ji ba wasannin kwamfuta nake yi ba, ka mayar da rabon zuwa megabait 512, wato rabin giga, ka adana, ta sake tashi da giga 7.4. Na nuna fargaba ko hoto zai lalace, ka kwantar mini da hankali cewa in buƙata ta taso Windows da kanta tana ara wa sashen hoton har kusan rabin RAM ɗin, ta karɓe kayanta in an gama.

Ka kuma shawarce ni da in na samu hali in ƙara RAM na biyu a ɗaya ramin, domin biyun in sun yi aiki tare hoto ya fi sauri. Ga shi kuwa kana sayarwa, amma ka ce ba gaggawa. Kuɗin aikin ma sai da na matsa kafin yaronka ya karɓi na ruwa.

Sati biyu ke nan ban ga ta tsaya ba. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya raya zuri'a. Ƙarshen wata ina nan tafe sayen RAM ɗin, kuma a hannunka zan saya.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Kabuga