Kafin ku canza rautar intanet ta gida

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu shirin canza rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida. Yawan eriya ba shi ne inganci ba.

A fara duba ramukan waya na bayanta. Idan masu saurin megabit 100 a daƙiƙa ne, ko saurin layinka ya kai 300, a ɗari zai tsaya. A nemi na gigabit, wato megabit 1,000.

Ta kasance mai zangon siginar Wi-Fi biyu. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, shi kuwa 5 GHz ya fi sauri, sai dai ba ya nisa. Wi-Fi 6, wato zubi na shida na fasahar Wi-Fi, ya wadatar da yawancin gidaje.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Rautar da kamfaninta ya daina sabunta wa manhaja ƙofa ce a buɗe, komai arharta. A zaɓi mai sabunta kanta, mai tsarin kare Wi-Fi na WPA3, a kashe WPS (hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba), a canza kalmar sirrin shiga saitinta tun ranar farko.

Wajen haɗawa, a ba ta sunan Wi-Fi da kalmar sirrin tsohuwar, wayoyi za su hau da kansu. A ɗora ta sama a tsakiyar gida, kada a ɓoye ta bayan talabijin.

Na gode.