Ƙafar 'yar tsana ba matashin kai ba ce

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a shafin wasiƙu mu yi magana da 'yan'uwanmu teloli da malaman makarantun yara na unguwannin Hausawa a nan Legas, tun daga Agege har Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Maganar a kan 'yar tsana ce, irin wadda ake zura hannu a ciki a motsa mata baki, a koya wa yara ƙirga ko wanke hannu da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Hausawa na da wasan dabo-dabo tun da, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa wasan 'yan tsana na Tibi mai suna Kwagh-hir cikin jerin al'adun duniya. Abin da ke damunmu shi ne za ka ga an ɓata lokaci a kan kai da ido da hula, amma an zo ƙafa sai a ɗinka buhu biyu a cusa tsumma a liƙa. Yaro kuwa ƙafar yake fara ja, kuma ita ce ke nuna masa ko abin nan zaune yake ko rataye.

A fara da yadi. Wanda ya fi dacewa da fata shi ne mai ɗan miƙewa, irin na rigar sanyi ko bargon jarirai, kuma ana samunsa da araha a gwanjon Yaba ko Katanguwa. Atamfa da shaddar Balogun a bar su don wando da riga, domin ba sa ba da kai a wurin lanƙwasa, sai su tattare. Kowane ne dai a wanke shi a goge kafin a sa almakashi, saboda sitaci ya fita, wanda zai tsuke ya tsuke, wanda zai zuba ya zuba tun yanzu. Sannan a ja yadin da hannu a ga ta ina yake miƙewa. Dole miƙewar ta zagaye ƙafa, kada ta bi tsawonta. Idan ta bi tsawo, nauyin tafi zai yi ta jan ƙafar har ta siranta ta ƙara inci guda ko fiye. Duka ɓari huɗun kuma, biyu-biyu a kowace ƙafa, a yanka su a fuska ɗaya. Mai tattalin ƙyalle da ya juya ɓari guda don ya shige wani lungu, shi ne ke wayar gari da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Ga 'yar tsana mai tsawon inci 24, a zana ƙafar a kwali kamar yadda ake ganinta ta gefe, cinya da ƙwauri da ƙafa a haɗe, siffar safa. Tsawo inci 11, faɗin cinya inci 3, ya riƙa raguwa har inci 2 da kwata a idon sawu. Kowace ƙafa ɓari biyu ce masu kallon juna, don haka a ninka yadi fuska da fuska a yanka tare, a bar rarar kwatan inci ta ko'ina. Tafin kuma daban ake yanka shi, siffar ƙwai, tsawo inci 3 da rabi, faɗi inci 2, ban da rara.

Nan ne lissafi ke kayar da mutane. Sai su ga tafi inci 3 da rabi ne, su yi gindin ɓarin ma 3 da rabi. Ba zai haɗu ba. Gindin zagaye tafin zai yi, kewayen tafin nan kuwa ya kusa inci 9, ke nan kowane ɓari na buƙatar kusan inci 4 da rabi a ƙasa. A ɗora zare a bi layin da za a ɗinka a jikin tafin, a ninka zaren biyu, wannan shi ne awon. In aka yi ƙasa da haka tafin zai kumbura ya yi ƙwarya, in aka wuce kuma gefen ya yi tattara.

A keke, a rage tazarar ɗinki zuwa kamar milimita 2, domin cusa kaya na buɗa ɗinki mai faɗi har abin da aka cusa ya riƙa leƙowa. Allura lamba 14 ta isa. Idan keken na tsallake ɗinki a yadi mai miƙewa, a nemi allura mai dakusasshen baki da ake yi don irinsa, ko a shimfiɗa takarda a ƙasa a ɗinka tare a yage ta daga baya. A ɗinka gaba da baya, a bar sama da ƙasa a buɗe, a koma da baya a farko da ƙarshe don ƙulli. Sannan a ninka tafin biyu a sa alamar alli a tsakiyar yatsu da tsakiyar dunduniya, a haɗa su da layukan ɗinkin nan biyu, a kafa fil. Mu shawararmu a fara kama tafin da hannu da manyan ɗinki kafin a kai keke. Wurin ƙarami ne, ƙafar keke na tura yadin sama fiye da na ƙasa, sai ka iso ƙarshe ka tarar da rarar da ba ka san inda za ka kai ta ba.

Kafin a juya, a tsattsaga rarar da bakin almakashi a lanƙwasar gaban idon sawu, kowane kwatan inci, ba tare da an taɓa zare ba. Wanda ya manta wannan zai ga wuyan ƙafar ya yamutse, kuma duk gugar duniya ba ta gyara shi.

Yanzu abin da za a sa a ciki, kuma a nan Legas ta sha bamban da gida. A Kano ko Sakkwato mutum zai iya sa kwali a tafi, ya zuba shinkafa ko wake don nauyi, ya ɗan daɗe bai ga illa ba. A nan, da damina ta kankama daga Afrilu zuwa Yuli, kwali ya yi laushi, shinkafa ta yi funfuna, wake ya yi ƙwari, ɓera da kyankyaso su gama sauran. Washar ƙarfe ma tsatsa take yi ta ɓata yadin. Don taurin tafi, a yanko roba daga tsohuwar jarka ko silifa, a rage ta kaɗan da girman tafin, a goge bakinta kada ta huda ɗinki. Don nauyi, a wanke ƙananan tsakuwa a shanya ta bushe sarai, a zuba kimanin cikin kwalin ashana ɗaya, wato giram 30 ko kusa, a ƙaramar jaka ta yadi mai ƙarfi, a ɗinke ta sau biyu. A ɗora jakar a kan robar, tsakanin dunduniya da tsakiyar tafi, a kama ta da zare. In ta gangara gaba, yatsu za su riƙa kallon ƙasa. Nauyin ƙafa biyun ya zama ɗaya. Idan kuma yara 'yan ƙasa da shekara 3 ne za su riƙa ɗauka, a haƙura da tsakuwa da maɓalli gaba ɗaya, don abin da ya fita daga ɗinki baki yake nufa.

Farin faiba na masu filo ya fi audugar gona, wadda ke shan danshi ta dunƙule. Audugar rimi ba laifi, sai dai ba ta son wanki. A riƙa tsakurar kamar girman goro ana turawa da sanda mai dakusasshen baki, yatsu tukuna, sannan dunduniya. Ƙafa ta cika tam, ƙwauri matsakaici, cinya sako-sako. In aka danna babban curi lokaci ɗaya zai maƙale a idon sawu ya bar rami a ƙasa.

Gwiwa ita ce dalilin rubuta wannan wasiƙa. Idan ƙwauri ya cika zuwa inci 5 daga tafi, a tsaya. Yadda ƙafar ta fito daga keke, layukan ɗinki suna gefe da gefe, kuma hannu zai so ya ratsa ɗinki a haka domin ya fi sauƙi. Kada a yarda. Gwiwar da aka ɗinka haka gefe za ta riƙa karyewa, ba baya ba. A matse ƙafar har layin gaba ya hau daidai kan layin baya, yatsu na kallon mai ɗinki, sannan a ratsa daga hagu zuwa dama, layi biyu, da tazarar kwatan inci a tsakaninsu. A bar rabin inci sama da ƙasa ba faiba, in ba haka ba cinya da ƙwauri za su tokare juna ƙafar ta sandare. Haka za a sake matse bakin cinya, layi kan layi, a bar inci ɗaya na sama fayau, shi ne kwankwaso. Duk 'yar tsanar da ka ga ƙafafunta sun baje suna kallon gabas da yamma, a wannan wurin aka yi kuskuren. A zaunar da ita a bakin benci a gwada: ƙwauri ya sauka da kansa, tafi ya kalli ƙasa.

Yatsu ba dole ba ne in za a sa mata takalmi. In ana so, a ɗauki doguwar allura da zaren nailan na masu takalma, irin na Mushin, a soka daga ƙasa a fito sama, a zagayo ta gaba a ja a ƙulle. Ɗinki huɗu ke ba da yatsu biyar. Babban yatsa ta ciki yake, don haka a ajiye ƙafafun a jere kafin a fara, kada a ƙare da hagu biyu. Mai niyyar wannan aikin kada ya bari robar ta kai bakin yatsu, wato a yanka ta gajarta da rabin inci ta gaba, don allura ba za ta huda ta ba.

Wajen haɗawa da jiki, ƙafafun a bakin gaba ake kafa su, domin hannun mai wasa ta ƙasa ko ta baya yake shiga. A bar inci ɗaya a tsakaninsu. Kada a dogara da yadin jikin shi kaɗai, yagewa zai yi. A shimfiɗa tsirin kaki ko jins mai faɗin inci ɗaya ta ciki, a ɗinka murabba'i a kan kowane kwankwaso, a gitta shi. Gam ba ya aikin nan, zafi da danshi na ɓamɓare shi. Mai son ya riƙa cire ƙafafun don wanki ya sa manyan maɓallan dannawa guda biyu a kowace cinya, ɗaya kaɗai zai bar ƙafar tana juyawa. In kuwa 'yar tsanar mai igiya ce, igiyar ƙafa a saman gwiwa kaɗan ake ɗaura ta, da ɗan ƙyalle mai kauri ta ciki da zai riƙe ƙullin, kuma a ƙara nauyin tafi domin ya dawo ƙasa da zarar an saki.

Bayan wasa kada a cusa ta a leda a ƙulle. A rataye ta ta wuya inda iska ke ratsawa, ƙafafu a sake, in rana ta fito a ɗan shanya ta a inuwa. Duk sati a ja kowace ƙafa da ɗan ƙarfi a duba kwankwaso da jakar tsakuwa, a gyara tun zare ɗaya ne ya tsinke.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Daga wasu teloli da malaman makarantar yara,
Agege, Legas.