Tsibiri ba hoto ba ne, mutane ne ke zaune a ciki

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yawan ganin ana yaɗa hotunan ƙananan tsibirai a intanet, ruwa shuɗi da rairayi fari, mutane na ta cewa ina ma a can suke zaune. Ni dai abin na damuna gaskiya, don ba a cika tambayar yadda mazauna wurin ke rayuwa ba.

Ku duba tsibirin Tristan da Cunha da ke tsakiyar tekun Atlantika, mutanensa ba su kai 300 ba, babu filin jirgin sama ko ɗaya, sai jirgin ruwa daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu wanda ke shafe kusan kwana shida a hanya kuma ba kullum yake zuwa ba, sau kaɗan ne a shekara. To a ce ciwo ya yi tsanani ko haihuwa ta zo da gardama, likitan da ke wurin ya yi iya bakin ƙoƙarinsa, sauran sai jiran jirgi, in teku ta yi fushi ma jirgin ba zai iya matsowa gaɓa ba. Amma duk da haka lokacin da dutse ya yi aman wuta a 1961 aka kwashe su gaba ɗaya zuwa Ingila, yawancinsu suka ƙi zama, a 1963 suka koma gida. Wannan ya isa ya nuna mutane na son wurinsu, abin da suke buƙata shi ne a tallafa musu su iya zama.

Inda ba a tallafa ba kuwa mun ga ƙarshensa. A tsibiran St Kilda na Scotland samari sun yi ta tafiya, aka bar tsofaffi ba mai hawa duwatsu ya nemo abinci, ga cuta, har a 1930 mutum 36 da suka rage da kansu suka roƙi gwamnati ta kwashe su, har yau ba wanda ya koma zama na dindindin.

Yanzu kuma ga Tuvalu, ƙasar ƙananan tsibirai a tekun Pasifik, ruwan teku na cin ƙasa yana shiga rijiyoyi da gonaki, Ostiraliya ta amince a 2023 ta riƙa karɓar mutum 280 duk shekara. Taimako ne, amma wallahi ina tsoron masu ƙarfi da ilimi ne za su fara tafiya, nas da malamin makaranta da mai gyaran inji, to wa zai riƙe waɗanda suka rage?

Don Allah in za ku yi rahoto kan irin waɗannan wurare ku tambayi sau nawa jirgi ke zuwa, akwai makarantar sakandare ko sai an tura yara nesa, da kuma yadda ake fitar da mara lafiya cikin dare.

Naku,
Mai karanta ku a kullum