Sanarwa: shirin damina kafin Agusta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda gidansa ke gangare wajen Gulbin Maradi ya fara shiri tun yanzu. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro da garin nan bisa tudu.

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta, ya jiƙa tushe, bango ya zauna, sau da yawa cikin dare. A yashe magudana, a buɗe indararo, a tara ƙasa jikin bango ta gangaro waje. Ɗakin da ya tsage kada kowa ya kwana ciki, ko da maigida ya ce bara ma haka yake.

Buhunan hatsi a ɗora kan bulo. Takardun haihuwa da na fili a ƙulle cikin leda biyu, a rataye sama tare da tocila da magunguna.

Ruwa ya shigo, a fara kashe lantarki. Rijiyar da ambaliya ta taɓa, sai an tafasa ruwanta. Yaro ya fara gudawa: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a nufi likita.

Lambar wayar ƴan kwana-kwana a Nijar: 18.